Abin Da Ke Hana Kwamfuta Mai Linux Ganin Modem

Daga Wakilinmu

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da babbar manhajar nan tasa mai suna Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Wannan labari bai ta da ƙura a nan gida ba, amma ya shafi ɗimbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikatan Gwamnati, domin da yawa daga cikinsu tsofaffin hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, kuma ba su cika sharuɗɗan da Windows 11 ta gindaya ba. Wanda ba shi da halin sayen sabuwa, hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya ɗora wa tsohuwar tasa Linux, watau buɗaɗɗiyar manhajar nan da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya aza harsashinta a 1991, wadda kowa ke da ikon ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya kuma gyara.

To, sau da yawa aikin ɗorawar yana tafiya lami lafiya. Allo ya haska, sauti ya fito, rubutu ya yiwu. Sai mutum ya zaro ɗan modem ɗinsa mai kama da filashi, wanda ya daɗe yana shiga intanet da shi, ya soka a kafar USB, ya zauna jira. Fitilar modem ta yi ta ƙyaftawa, amma kwamfuta ta yi gum kamar ba a soka mata kome ba. Ga ɗalibin da ranar rufe rajistar makaranta ta ƙarato masa, ko akawun da aka tura wata ƙaramar hukuma inda ofis ba shi da wayar intanet, alhali ana jiran rahotonsa a hedkwata, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A nan ne wasu ke yanke hukunci cewa modem ya mutu, su je su sayi wani, ko kuwa su ce Linux ba ta da amfani, su biya mai gyara ya mayar musu da tsohuwar Windows da babu mai toshe mata ɓaraka.

Alhali kuwa galibi lafiyar modem ƙalau, ita ma Linux lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne modem ya shigo wa kwamfuta a cikin shigar burtu, ita kuwa ta ɗauke shi a yadda ya nuna mata kansa.

MODEM MAI FUSKA BIYU

Asalin al'amarin dabara ce ta kasuwanci. A da, duk wanda ya sayi modem sai an haɗa masa da faifan CD mai ɗauke da ƙaramar manhajar da ake kira direba, wadda ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da na'urar. Faifai yana ɓata, yana karcewa, kuma buga shi kuɗi ne. Sai masu ƙera modem suka ga gara su zuba direban a cikin wata 'yar ma'ajiya a jikin modem ɗin kansa. Da an soka shi, sai ya gaya wa kwamfuta cewa shi faifan CD ne. Windows ta buɗe faifan, ta ɗora direba, shi kuma direban ya aika wa na'urar wani ɓoyayyen saƙo, nan take ta tuɓe rigar faifai ta dawo modem sosai. Kamfanin Option na ƙasar Beljiyam ya raɗa wa wannan dabara suna ZeroCD, kuma Huawei da ZTE na ƙasar Sin, waɗanda kayansu suka cika kasuwannin wayar Nijeriya bayan da aka ba da lasisin 3G a 2007, su ma irin hanyar suka bi.

Direban da ke cikin ma'ajiyar kuwa, galibi na Windows ne da na kwamfutocin Apple. Linux ba ta gudanar da shi, saboda haka babu mai aika saƙon nan, sai modem ya dawwama a matsayin faifai. Shi ya sa wani lokaci mai kwamfuta zai ga hoton faifai mai ɗauke da sunan kamfanin waya ya bayyana a allonsa, ya buɗe ya tarar da fayiloli da ba su yi masa amfanin kome.

Wani Bajamushe mai suna Josua Dietze shi ne ya ɗauki nauyin warware wannan ƙulli, ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna usb_modeswitch a 2007. Yadda aka samo saƙonnin abin sha'awa ne. Kamfanoni ba su bayyana su ba, sai masu aikin sa kai a ƙasashe daban-daban suka riƙa soka modem a kwamfuta mai Windows, suna naɗar duk abin da ke wucewa ta kafar USB, har su tsinto 'yan lambobin da ke sa na'urar ta sauya fuska, sa'an nan su aika a saka cikin kundi. Akasarin saƙonnin ba su wuce bayit 31 ba, watau ko jimla ɗaya ta wannan shafi ta fi su tsawo. Yau manyan rassan Linux irin su Ubuntu, Linux Mint da Fedora suna zuwa da wannan manhaja tare da kundinta, kuma da zarar an soka modem ɗin da ke cikin kundin, ana aika masa saƙonsa ba tare da mai kwamfuta ya san an yi ba. Matsala tana tasowa ne in manhajar ba ta cikin kwamfutar, ko modem ɗin ba ya cikin kundi, ko kuma saƙon ya isa a lokacin da bai dace ba.

Wannan fuska biyu ita ce kuma ke bayyana wani abin mamaki da masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ke gamuwa da shi. Mutum ya gama aiki a Windows, ya sake tayar da kwamfuta ya shiga Linux ba tare da wuta ta yanke wa modem ba, sai ya ga yana aiki sarai. Washegari ya kunna kai tsaye zuwa Linux, modem ya ƙi. Ba aljanu ba ne: jiya Windows ce ta riga ta sauya masa fuska, yau kuwa babu wanda ya sauya.

A TAMBAYI KWAMFUTA ABIN DA TA GANI

Kafin a taɓa kome, ya kamata mai karatu ya san cewa Linux ba ta ɓoye abin da take gani. Akwai wani baƙin allo mai suna Terminal inda ake rubuta umurni, kuma ko da yake yana firgita sabon shiga, kalma ɗaya tak ake bukata da farko. A soka modem, a dakata kamar rabin minti, a rubuta lsusb. Kwamfuta za ta jero duk abin da ke maƙale a kafofinta na USB, kowanne da lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu. Ta farko lambar kamfani ce, ta biyu lambar na'ura. Lambar Huawei ita ce 12d1, ta ZTE kuwa 19d2.

Lamba ta biyun ita ce mai ba da labari, domin tana canzawa idan modem ya sauya fuska. Tsofaffin modem na Huawei irin su E1550 da E173, waɗanda aka sayar da yawa a ƙasar nan, sukan fito da 12d1:1446 muddin suna cikin rigar faifai, in sun sauya kuwa sai a ga wata lamba kamar 1001, ko 140c, ko 1436. Na ZTE da dama sukan nuna 19d2:2000 kafin sauyawa. Saboda haka wanda ya ga 1446 ko 2000 sun ƙi gushewa, ya riga ya gano inda gizo ke saƙa, ba sai ya kai wa kowa ba.

Maganin farko shi ne a tabbatar ƙunshin usb-modeswitch da ɗan'uwansa usb-modeswitch-data suna cikin kwamfutar. A nan akwai wata 'yar sarƙaƙiya, domin sauko da su yana bukatar intanet, intanet ɗin kuwa shi ake nema. Mafita ita ce wayar hannu. A haɗa wayar Android da kwamfuta ta igiyar caji, a kunna raba intanet ta USB a cikin wayar, Linux za ta karɓe shi nan da nan ba tare da wani direba ba. In ƙunshin suna nan amma modem bai sauya ba, ana iya ba da umurnin da hannu. Ga Huawei mai lamba 1446, sai a rubuta sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1446 -J, a sa kalmar sirri, a sake duba lsusb. Ga ZTE kuwa abin ya fi sauƙi, don da yawansu suna sauya fuska da zarar an umurci kwamfuta ta fitar da faifan bogin nan, kamar yadda ake fitar da faifai na gaske.

In kuwa lsusb bai nuna modem ba sam, ko da sunan faifai, to, maganar ba ta manhaja ba ce. Wannan shi ne wurin da za a zargi kafar USB, ko igiya, ko ƙarfin wuta. Kafar USB 2.0 an tsara ta ne ta ba da mili-amfa 500, ta USB 3.0 kuwa 900, kuma modem yakan ja wuta sosai a daidai lokacin da yake neman turken sabis, balle a ƙauye inda turken ke nesa. Tsohuwar kwamfuta mai gajiyayyen batir tana iya kasa ciyar da shi, sai ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa. Umurnin sudo dmesg -w yana nuna wannan ƙarara, domin mutum zai ga ana rubuta cewa na'ura ta haɗu, ta rabu, ta sake haɗuwa, ba iyaka. A canza kafa, a cire doguwar igiyar ƙari mai araha da ake rataya modem da ita a taga, a sa kwamfuta a caji, sa'an nan a sake gwadawa.

BAYAN YA SAUYA FUSKA

Sauya fuska rabin tafiya ne. Bayan haka dole zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, ta ba modem direban da ya dace da shi. Tsofaffin modem na 3G suna amfani da wani direba mai suna option, wanda ya gaji sunansa daga kamfanin nan na Beljiyam ko da yake yau yana hidimar kayan kamfanoni da yawa, kuma alamar ya kama ita ce a ga sunaye irin su ttyUSB0 da ttyUSB1 sun bayyana a cikin bayanin dmesg. Ta waɗannan ƙofofi ake yi wa modem magana da umurnin da ke farawa da haruffan AT, yaren da kamfanin Hayes na Amurka ya ƙago a 1981 domin modem na wayar tangaraho. Abin mamaki, shekara arba'in da 'yan kai bayan haka yaren bai mutu ba. Modem na 4G kuwa galibi sun koma sababbin hanyoyi masu sauri da ake kira QMI da MBIM, kuma alamarsu ita ce sunan cdc-wdm0.

Daga nan sai aikin wata manhaja mai suna ModemManager, wadda ita ce wakiliyar kwamfuta a wajen modem. Ita ke tambayarsa ko akwai sim a cikinsa, ko ya sami sabis, ta kuma miƙa shi ga NetworkManager, mai kula da duk hanyoyin shiga intanet, wanda tun fitowar Ubuntu 8.10 a watan Oktoba na 2008 masu wannan reshe ke haɗa modem da shi ta hanyar latsa hoto kurum. Umurnin mmcli -L yana faɗin ko ModemManager ta ga modem. In ta ce babu, a duba ko ita kanta tana aiki da systemctl status ModemManager, domin wasu ƙananan rassan Linux da ake ɗora wa tsofaffin kwamfutoci ba su zuwa da ita. In ta ce akwai, sai a rubuta mmcli -m 0, ko kuma lambar da ta nuna a ƙarshen layin in ba sifili ba ce, ta zayyano halin da yake ciki dalla-dalla.

Amma fa a nan akwai wani tarko da ya cinye wa mutane da dama dare. Wasu modem na Huawei, waɗanda aka rubuta wa HiLink a jiki, kamar wasu nau'o'in E303 da E3372, ba su bayyana a matsayin modem ko bayan sun sauya fuska. Sukan fara da lamba 12d1:1f01, su koma 14db ko 14dc, sa'an nan su nuna wa kwamfuta kansu a matsayin wayar intanet ta ofis, irin wadda ake sokawa a bango. Su da kansu suke kiran sabis, ba ruwansu da ModemManager. Saboda haka mmcli zai yi ta cewa bai ga modem ba, kuma gaskiya ya faɗa, alhali intanet na nan yana jira a ƙarƙashin sunan haɗin waya. Mai irin wannan modem sai ya buɗe burauza ya rubuta 192.168.8.1, ko 192.168.1.1 in tsohon yayi ne, zai tarar da shafin da ake sa lambar sirrin sim da sauran gyare-gyare. Wannan nau'i, a ganin wakilinmu, shi ya fi dacewa da wanda ba ya son wahala, ko da yake ƙwararru na kukan cewa yana rage musu iko a kan na'urar.

Sauran matsalolin da mmcli ke tonawa ba su da alaƙa da Linux ko kaɗan, amma ita ake ɗora wa laifinsu. Sim na iya zama a karkace cikin raminsa, musamman in ƙaramin sim ne aka cusa a babban rami ba tare da mazauninsa ba. Yana iya kasancewa a kulle da lambar PIN, wadda in an kuskure ta sau 3 sai an nemo PUK, in an kuskure PUK sau 10 kuwa sim ya tafi ke nan. Modem ɗin da aka saya a ofishin kamfanin waya sau da yawa an ɗaure shi ne ga layin kamfanin, ba ya karɓar na wani sai an kwance shi da lamba ta musamman, kuma na Huawei dama 10 kawai yake bayarwa, don haka ba wurin cinke ba ne. Har ila yau, tun daga watan Disamba na 2020 da Gwamnatin Tarayya ta umurci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, an rufe layuka masu yawa, kuma layin da ke kwance cikin modem a aljihun tebur shi ne aka fi mantawa da shi. Hanya mafi sauri ta wanke Linux daga zargi ita ce a cire sim a sa a waya, a ga ko yana shiga intanet.

Sai kuma sunan ƙofar shiga, watau APN, wanda kowane kamfani ke da nasa. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuwa gloflat. NetworkManager na da kundin waɗannan sunaye na ƙasashen duniya, amma kundin aikin sa kai ne, wani lokaci yakan ba da tsohon suna, sai modem ya nuna ya sami sabis amma shafi ya ƙi buɗewa. A gyara da hannu.

NA CIKIN CIKI

Akwai wani rukuni da labarinsa ya bambanta, watau modem ɗin da aka dasa a cikin kwamfutar tun daga masana'anta. Kwamfutocin ofis irin su ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP, waɗanda ake samu a hannu na biyu a kasuwanni kamar Farm Centre ta Kano, da yawansu suna da ramin sim a gefe ko a ƙarƙashin batir. Mai saye ya ga rami, ya yi murna cewa ya huta da sayen modem. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne rami daban, modem daban. Kamfanonin sukan yi gangar jiki iri ɗaya ga kowa, amma katin modem sai wanda ya biya kuɗinsa ake sa wa. In lsusb bai nuna suna kamar Sierra Wireless, Fibocom, Quectel ko Ericsson ba, shi ma umurnin lspci bai nuna ba, kuma an duba cikin BIOS an ga ba a kashe shi ba, to, ramin fanko ne, babu umurnin da zai haifar da abin da babu.

In katin yana nan, a fara da rfkill list, wanda ke nuna ko an toshe rediyon na'urar da maɓalli ko da manhaja. Bayan wannan sai babbar matsalar zamanin nan, wadda ake kira kullen FCC, da sunan hukumar sadarwa ta Amurka. Masu ƙera kwamfuta sukan kulle rediyon modem na ciki, ya zama ba ya tashi sai manhajarsu ta Windows ta aika masa izini, bisa hujjar cewa an gwada modem ɗin ne tare da eriyar wannan kwamfuta kaɗai. A da ModemManager na buɗe wasu daga cikin waɗannan kulle da kanta, amma daga fitowa ta 1.18.4 a 2021 masu kula da ita suka daina yin haka kai tsaye, suka bar wa mai kwamfuta ya yanke shawara. Sakamakon haka, mutane da dama da suka sabunta manhajarsu suka wayi gari modem ana ganinsa, sim lafiya, amma ya ƙi tashi daga barci.

Mabuɗan suna nan a cikin kwamfutar, a wata ma'ajiya mai suna /usr/share/ModemManager/fcc-unlock.available.d, kowanne da lambar modem ɗinsa. Abin da ake bukata shi ne a ƙulla mahaɗi daga fayil ɗin da ya dace zuwa cikin /etc/ModemManager/fcc-unlock.d, sa'an nan a sake tayar da kwamfuta. Mai ThinkPad da ke ɗauke da katin Sierra Wireless EM7455, alal misali, fayil ɗinsa shi ne 1199:9079. Ba kowane kati ke da mabuɗi a wurin ba, kuma wasu na Fibocom masu bi ta hanyar PCIe sun daɗe suna ba masu Linux wahala.

Ko an buɗe kulle, saura batun zangon rediyo. Katin da aka ƙera domin kasuwar Amurka ba lalle ne ya ji duk zangunan da kamfanonin Nijeriya ke watsa 4G a kansu ba, kamar yadda masu wayoyi da yawa suka gani sa'ad da Glo ya fara 4G a 2016 a kan zangon 700 MHz. Irin wannan kati yana iya kama layin wani kamfani ya ƙi na wani, ko ya tsaya a 3G.

Wanda ke shirin sayen kwamfuta ko modem domin Linux yana da damar gwadawa kafin ya biya. Ubuntu da Linux Mint suna tashi daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Sai mai saye ya je kasuwa da filashinsa da sim mai data a ciki, ya roƙi mai shago ya bar shi ya tayar da kwamfutar daga filashin, ya rubuta lsusb da mmcli -L, ya buɗe shafi ɗaya ko biyu a gaban mai shagon. Duka-duka aikin ba ya wuce minti 15.